Hanyoyin Jinya da Tsira a Wasan Dark Souls

Gabatarwa

Dark Souls wasan yaƙi ne na kwamfuta wanda kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 2011. Ya shahara da tsanani, domin sara kaɗan ke kayar da jarumin da ɗan wasa yake sarrafawa.

Tsarin Jinya

Jarumin yana riƙe da gorar magani mai suna Estus, wadda da farko kurɓa 5 kawai take ɗauka. Yakan sake cika ta idan ya huta a bakin wuta, sai dai wannan hutu yana tayar da yawancin maƙiyan da ya kashe. Haka kuma shan maganin yana cin lokaci, don haka wanda ya kafa kai a gaban abokin gaba yakan sha sara kafin ya haɗiye. Idan ya mutu, dukiyar da ya tara takan zube a wurin. In ya sake mutuwa kafin ya kwaso ta, to, ta salwanta.

Kammalawa

Wannan tsari yana hukunta gaggawa, yana kuma ba mai kuskure damar gyara. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Auna Fahimta

Wane darasi malami zai ɗauka daga wannan tsari wajen gyara kurakuran ɗalibai?