Kafin Ka Kai Aiki Maɗaba'a

'Ya'yana masu zane a kwamfuta, maza da mata, ina ganin ayyukanku, kuma ba zan ɓoye muku ba, kun fi mu iya ƙawata abu. Abin da yaro ke haɗawa yau a waya tsakanin azahar da la'asar, a da sai an yi kwanaki ana fama da shi. Sai dai akwai abin da muka samu a ɓagas wanda ku ba ku tarar ba, wato idanu da yawa a kan aiki ɗaya. A zamanin da aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya, a 1945, shekara shida bayan fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, rubutu ba ya isa bakin inji sai ya bi ta hannun mai jera haruffan dalma, ya je gaban mai duba kurakurai, ya dawo an gyara, sannan mai jan inji ya karɓa. Ko da aka koma zamanin fim, mai ɗaukar fim yakan tsaya ya ce, "Malam, wannan hoton ba zai fita ba." Yau an kwashe duk waɗannan kujeru. Fayil na fita daga filashi, na'ura za ta ƙona shi a kan faranti, faranti ya hau inji, inji ya zubo dubbai kafin ka gama cin abincin rana. Duban da mutanen nan ke yi gaba ɗaya ya dawo wuyanka.

Don haka kafin ka ja layi ko ɗaya, je wurin wanda zai buga, ko ka kira shi. Tun ran gini ake zane. Tambaye shi a wane inji zai buga, a kan wace takarda, launi nawa, kuma wane irin fayil yake karɓa. Kada ka ji nauyin tambaya. Mai maɗaba'a ya fi son yaron da ya dame shi ranar Litinin a kan wanda zai zo da rigima ranar Juma'a, ana gobe ɗaurin aure. Injin dijital da ke buga kati ɗari biyu ba ruwansa da faranti, amma a injin ofset kowane launi da farantinsa, kowane faranti kuma kuɗi ne. In rasit ne ko fom ɗin makaranta da launi biyu za su wadatar, zana shi da launi biyu, ka rage wa mai aiki kuɗi, zai daɗe bai manta da kai ba. Har yanzu kuma a garuruwanmu akwai tsofaffin injinan Heidelberg irin su Kord, masu buga launi ɗaya a lokaci guda, ta yadda sai takarda ta ratsa injin sau huɗu hoto yake cika. Riƙe wannan, za mu buƙace shi a gaba.

Shafinka ya zama daidai girman da aikin zai kasance bayan yanka: A4 milimita 210 ne da 297, A5 kuma 148 da 210. Sannan ka ƙara rarar gefe, milimita 3 ta kowane ɓangare, ka ja launin bango ko hoton ya malala har cikinta, kamar yadda tela ke barin rara a yadi saboda ɗinki. Ka ga A5 ya zama 154 da 216 ke nan. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da injin yanka ba zai ɗauka tsirfa ce. To, je ka tsaya. Za ka ga an tara takarda ɗaruruwa, an bubbuga gefenta ta daidaita, ƙarfe ya sauko ya danne ta, wuƙa ta zo a karkace ta ratsa ta lokaci guda. Duk gwanintar mai yankan, ta sama da ta ƙasa ba za su zo daidai wa daida ba, sai an samu gocewar rabin milimita ko ɗaya. In babu rara, gocewar nan ce ke fitowa siririn farin layi a gefen kati mai baƙin bango, kuma shi ido zai fara gani kafin sunan ango. Ta ciki ma haka: rubutu, lambar waya, tambari, duk ka janye su daga bakin yanka da milimita 4 ko 5. Ni dai ba na son siririn layin nan da kuke zagaye kati da shi dab da gefe. A kwamfuta yana da kyau, amma shi ke tona asirin wuƙa, gefe ɗaya ya buɗe, ɗaya ya tsuke.

A kan launi aka fi samun ɓacin rai tsakanin mai zane da mai bugu, kuma yawanci ba wanda ya cuci wani. Fuskar waya da ta kwamfuta haske suke fitarwa, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Takarda ba ta da haske nata, tawada huɗu ake ɗora mata: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, wato CMYK. Akwai launukan da haske ke iya yi waɗanda tawadar nan huɗu ba za su taɓa kaiwa ba, irin su kore mai ƙyalli da ruwan lemo mai walƙiya. In ka kai zane a RGB, kwamfutar maɗaba'a za ta juya shi da kanta, ta zaɓi abin da ya fi kusa ba tare da ta shawarce ka ba. Shuɗi ya fi shan wahala, don sau da yawa shunayya yake fitowa. Fara aikin a CMYK tun farko, kuma a shuɗi ka bar lambar M ƙasa da C da kamar 30, misali C 100 da M 70. In launin kamfani ne da ba a yarda ya goce ba, tambayi mai bugu ko zai haɗa masa tawada ta daban da lambar Pantone, ka kuma sanar da mai aiki cewa kuɗin zai ƙaru.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Takarda na shan tawada, ɗigon ya bazu ya ƙara faɗi, shi ya sa komai ke fitowa da duhu fiye da yadda ka gan shi, balle a farar takarda mai giram 70 ko 80 wadda ba ta da santsi. Mu kuwa baƙaƙen fata ne. An ɗauki hoton amarya a ɗaki da dare, kai kuma kana kallonsa a wayar da ka ƙure wa haske, ka ga komai lafiya. Ranar da kalandar biki ta fito, fuska ta dunƙule, ido da haƙori kaɗai ake gani, sai ka ji dangi na cewa an ɓata musu 'ya. Ɗan buɗe wuraren duhun hoton kafin ka tura. Ban ce ka mayar da ita Balarabiya ba, wannan ma wani laifin ne, kawai dai kumatu da goshi su rabu da inuwa.

Baƙi ma iri-iri ne. Ƙananan rubutu ka ba su K 100 zalla, sauran uku sifili. Ka tuna injin da takarda ke ratsawa sau huɗu? In baƙin rubutunka haɗin tawada huɗu ne, to dole kowane harafi ya sauka wuri ɗaya sau huɗu. Roƙi mai jan inji ya ara maka gilashinsa na ƙara girma ka duba irin wannan bugu: kowane harafi za ka gan shi da geza, ja ta dama, shuɗi ta hagu, ga shi karatu na sa ido ruwa. Rubutun da aka kwaso daga wani fayil na RGB yakan zo da irin wannan baƙin, sai ka danna ka duba lambobinsa. Babban fili kuwa, in ka bar shi K 100 kaɗai, yakan fito a koɗe kamar toka, sai ka tallafa masa da C 40, M 30, Y 30. Kada zumuɗi ya sa ka cika duka huɗun zuwa 100. Jimilla 400 ke nan, alhali yawancin masu bugu ba sa son ta wuce 300 ko a takarda mai santsi. Tawadar ba za ta bushe da wuri ba, sai ta manne a bayan takardar da ta hau kanta.

Lissafin hoto ba wuya. Abin da za a riƙe a hannu a karanta yana son ɗigo 300 a kowane inci, a girman da zai fito. Hoto mai faɗin fiksel 1200 zai cika inci 4 ne, kimanin santimita 10. In ka ja shi ya cika faɗin fostar A3, mai buƙatar fiksel 3508, ya koma ɗigo ɗari da 'yan kai, fuskar ɗan takara ta yi dishi-dishi. Sauya lamba zuwa 300 a Photoshop ba ya dawo da abin da babu. Banar talla da za a hango daga tsallaken titi, wannan ko ɗigo 100 ya ishe ta. Babban mai ɓata mana hotuna shi ne WhatsApp, don yana matse hoto ya rage shi, balle wanda ya bi ta waya uku kafin ya iso gare ka. Ce wa mai aiki ya turo na asali a matsayin dokumen. Tambarin makaranta da aka ɗauko daga jikin tsohuwar riga kuwa, zauna ka sake zana shi da layi, ka caji kuɗin wahalarka.

Yanzu ga inda nake so ku fi kasa kunne, don littattafan koyon zane na Turawa ba za su gaya muku ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba, kuma salon ƙawa da kuke so a katin biki su suka fi rasa su. Wani lokaci kwamfutarka za ta aro harafin daga wani salo ta cusa, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri ba ka lura ba. Wani lokaci kuma sai a maɗaba'a, inda babu salon naka, abin zai fashe. Na taɓa ganin katin da aka buga aka raba, inda ɗan akwati ya zauna a gurbin harafin farko na "ɗaurin aure". Zaɓi salon da ke da haruffan nan, manya da ƙanana, tun kafin ka fara. In aikin na mutanen Maraɗi ne ko Damagaram, ka tuna su ƴ suke rubutawa inda mu muke sa 'y, kada ka ce za ka gyara musu. In ka gama, mayar da rubutun duka ya zama zane. A CorelDRAW ka zaɓe shi ka danna Ctrl da Q, daga nan ba ruwansa da salon da ke kwamfutar wani.

Larabci da ajami sun fi wannan haɗari. Manhajar da ba a saita ta ga rubutun dama zuwa hagu ba takan wargaza haruffa, kowane ya tsaya shi kaɗai, ko ta juya jerinsu, ko wasali ya goce daga kan harafinsa. In kai ba ka iya karantawa sosai ba, ba za ka gani ba. Katin walimar sauka, kalandar Islamiyya, duk abin da ke ɗauke da aya ko addu'a, buga shi a takarda ka kai wa malami ya bi shi harafi bayan harafi. Ina kuma ba ku shawara, takardar talla da kuka san za ta ƙare a ƙasa ko a wurin mai ƙosai, ku lallashi mai aikin a bar ayar a waje.

In ɗan littafi ne da za a ɗinke da waya a tsakiya, shafukansa su rabu huɗu-huɗu, 16, 20, 24. Tura su ɗai-ɗai a jere, ka bar wa maɗaba'a aikin jera su a faranti. Kaurin ƙashin bayan littafi kuma sai an san takarda ake auna shi. In daga dama ake buɗe shi, faɗa da bakinka.

Abin da za ka miƙa ya zama PDF, in da hali irin wanda aka tanada don bugu, PDF/X-1a ko PDF/X-4, da rarar gefensa a ciki. In sun ce fayil ɗin Corel suke so, tambayi wane suke da shi, don tsohon Corel ba ya buɗe fayil ɗin sabo sai ka sauko da shi wajen ajiyewa. Ka buɗe PDF ɗin da kanka, ka ƙara girmansa, ka bi shi kusurwa-kusurwa. Sannan ka fitar da gwaji a takarda, ka yanke shi a girmansa, ka kai wa mai aikin ya karanta a gabanka: sunaye, lambobin waya, wuri, lokaci, da ko ranar da aka rubuta ta dace da kwanan watan, na Turawa da na Hijira. Ya sa hannu a kai, ko ya rubuto maka cewa ya amince. Ba rashin yarda ba ne. Shi ya san yadda ake rubuta sunan kakansa, kai kuma idonka ya riga ya gaji da zanen.

Kafin ka danna Ctrl da Q ɗin nan, ajiye kwafi ɗaya wanda rubutunsa ke gyaruwa, a wuri biyu, da suna mai ma'ana da kwanan wata. Makarantar da ka yi wa kalanda bana za ta dawo baɗi ta ce shekara kawai za a canza da hoton shugaba, kuma jibi take so.