ASUWAKI DA AMANAR BAKIN YARO

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya karanta Ahalari ya san asuwaki yana cikin mustahabban alwala, kuma ya inganta Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya kwaɗaitar da al'ummarsa a kansa ƙwarai. Mutumin ƙasar Birnin Gwari kuwa ba shi da uzuri, domin ga marke cikin daji, ga darbejiya cikin gari. Amma sau da yawa magidanci yakan goge haƙoransa sau biyar a yini, bai taɓa leƙa bakin ɗansa ba. Alhali kuwa yaro amana ne, za a tambayi iyaye a kansa ranar gobe.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira noma, Hausawa kuwa zaizayar baki. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda yunwa ta raunana ko suka tashi daga ƙyanda. Farkonta dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini in an taɓa. Daga nan sai gyambo ya fito, baki ya yi wari, yawu ya yi ta zuba, kunci ya kumbura. In an yi sakaci, cikin mako biyu takan cinye nama har ta huda fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tara cikin goma na yaran da ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi, ta kuwa sa ta cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a shekarar 2023.

Ba aikin iska ba ne, ba a kuma ɗaukarta daga wani. In an gano ta da wuri, maganin asibiti da kurkurar baki da ruwan gishiri da abinci mai gina jiki sukan tsayar da ita. Waɗanda ta riga ta ɓata wa fuska, akwai asibitinsu a Sakkwato tun shekarar 1999.

Saboda haka ya wajaba ga uba da uwa, ko a Kuyello suke ko a Randagi, su riƙa duba bakin yaro kowace safiya. In sun ga jini ko sun ji wari, kada su bari a kwana. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah Ya kare zuriyar Musulmi, amin.