Yadda ake ƙirga ƙwayoyin masassara a cikin jini

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, likitocin Tawa, Barmu da Tabalak suna cika da yara masu zafin jiki. Ruwa ya kwanta, sauro ya yi yawa. Sauro ne ke zuba ƙwayar masassara cikin jikin mutum. Ƙwayar tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini, ta hayayyafa, ta fasa su. Ido ba ya ganinta.

A likitar ƙauye ana soka yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan abin gwaji. Bayan kamar minti 15 ya nuna ko akwai ciwon ko babu. Amma ba ya faɗin yawan ƙwayoyin. A babbar likitar Tawa kuwa, ana shafa jinin a kan gilashi, a rina shi, a duba da madubi mai ƙara girman abu sau 1000. Nan ne ake ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Da irin wannan ƙirga ake gane maganin ƙwarai. Ba a fara gwada sabon magani a jikin mutum. Da kusu ake farawa.

Ƙwayar da ke kama mutum ba ta kama kusun gida. Amma a 1948, a yankin Katanga na ƙasar Kwango, masu bincike sun samu wata irin masassara a jikin kusan daji. Ita ce ake sa wa kusan da ake kiwo don gwaji. Ana raba su kashi biyu. Kashi ɗaya ana ba su magani kwana 4 a jere. Kashi na biyu ba a ba su komai. Rana ta 5 a ɗebi ɗigon jini daga wutsiyar kowane kusu, a ƙirga jajayen ƙwayoyi 1000, a ga nawa ne cuta ta shiga. Aiki ne mai gajiyar da ido. Amma lamba ba ta san wanda ya haɗa maganin ba, ba ta jin kunyarsa.

Haka wata mace ƴar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta yi a 1971. Ta gwada ruwan wani ganye dangin tazargade, ƙwayoyin suka ɓace daga jinin kusan. Daga wannan ganye aka samo tushen maganin masassara na kwana 3 da ake ba mutane yanzu.

A 1976, a Amurka, Trager da Jensen sun iya renon ƙwayar mutum cikin jinin da aka zuba a ƙaramin faranti. Tun daga nan ana iya gwada magani a faranti ma, a ƙirga.

Ƙirga ta nuna wani abin da ya shafi kowane gida. Zafin jiki yakan sauka tun ƙwayoyin ba su ƙare ba. Yaron da aka tsaida wa magani a rana ta biyu, sauran ƙwayoyin na iya sake yawa, ciwo ya dawo.

Aikin lissafi: a kusun da bai sha magani ba, ƙwayoyi 200 cikin 1000 sun kamu. A wanda ya sha, 20 ne kawai. Sau nawa na farko ya fi na biyu?