Amsoshin Tambayoyinku: Ciyayya a Sabo, Ibadan

Wani mai sauraronmu daga unguwar Sabo a Ibadan ya tambaya ko cin abinci tare a gida yana maganin kaɗaici.

To Malam, ƙwarai kuwa, unguwarku ma shaida ce. A da, bayan kafuwar Sabo a 1916, fataken shanu daga Arewa wurin maigida suke sauka, ya ba su ɗaki, ya ciyar da su, kafin a jima baƙo ya zama ɗan gida. Ga kuma ciyayya: bayan sallar isha'i kowa ya fito da kwanonsa zaure, a haɗa hannu. Ni abin da ya fi burge ni, wanda bai fito ba sai a aika yaro ya dubo lafiyarsa. Ku ma ku fara taku ciyayyar da daren Juma'a, kuma don Allah a kira tsofaffi da sababbin zuwa.