Lissafin Man Katkat

Ƴan uwa manoma, in ƙungiyarku ta yi hayar katkat don kawo taki, kada ku biya gazuwal da ka. Ku cika tanki, ku rubuta lambar kilomita da ke gaban direba. In an dawo, a sake cikawa, a duba lambar. Misali: an yi kilomita 200, an zuba lita 24, ke nan lita 12 kowane kilomita 100. Tanki mai lita 90 zai kai kilomita 750.

Amma wannan lissafin kwalta ne. Cikin rairayin arewacin Dakoro, da lodi, sha yana ƙaruwa sosai. Ku sake awo can, ku riƙe jarka mai lita 20.