Jirgi Maras Matuƙi a Saman Gidajenmu

Yanzu da wuya a yi babban biki a Dutse ko Kiyawa ba ka ji ƙugin ɗan jirgin nan maras matuƙi a sama ba. Hoton da yake ɗauka yana kyau, amma tsakar gidanmu ba rufi gare ta ba. Mace na daka ko tana shanya, makewayi ma a buɗe, ido kuwa na kallonta daga sama. Wannan shi ya fi damuna.

Tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tayar da irin jirgin nan sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Don haka mai biki, kafin ka ba mai hoto kafin alƙalami, ce ya nuna maka takardarsa. Ku yi magana tun farko: iyakar jirgin filin taro, ba zai leƙa gidan maƙwabta ba, kuma kada ya kusanci filin jirgin saman Dutse. A Disambar 2018 rahoton ganin irinsa ya tsayar da filin Gatwick na Ingila, tafiyar fasinjoji kusan 140,000 ta lalace.

In ka ga baƙon jirgi yana shawagi, kada ka jefe shi, farfelarsa na yanka, kuma kan yara zai faɗo. Ɗauki bidiyonsa da waya, ka lura da lokaci da inda ya sauka, don mai sarrafa shi galibi yana nan kusa. Sanar da mai unguwa, ku kai wa 'yan sanda ko Sibil Difens a ranar.

Iyayenmu hakimai da dagatai, don Allah a sa limamai su yi wannan sanarwa ranar Juma'a.