SA'ANDA AIKI YA ƘI GABA YA ƘI BAYA

Karatu: I Sarakuna, sura 19

Akwai wata irin gajiya wadda barci ba ya maganinta. Mutum ya tashi da sassafe, ya ɗauki fartanya, ko alli, ko ya zauna bakin keken ɗinki, hannu yana aiki amma zuciya ba ta wurin. In an ce masa, "Ina aiki?" sai ya amsa, "Aiki da godiya," gama haka a ke amsawa. Amma shi kaɗai ya san shekara nawa ke nan yana nan inda ya ke.

A wannan yanki namu, daga Yankara zuwa Sheme da Faskari, har Ƙanƙara da Sabuwa, wannan ciwo ya yi yawa, kuma ba banza ba. Manomi ya bar gandun ubansa a bakin daji saboda 'yan bindiga, ya koma 'yar gayauna a bayan gida. Malaman makaranta ba su manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, sa'anda aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su cikin mako guda, amma malami da ya ga haka ba ya shiga aji da irin zuciyar dā. A 2021 kuma gwamnati ta rufe kasuwannin dabbobi, aka yanke layin waya har watanni, dillalin shanu da mai cajin waya suka zauna hannu rabbana. An buɗe kasuwa daga baya, layi ya dawo, amma jarin waɗansu bai dawo ba, himmarsu ma haka.

Waɗansu 'yan'uwa su kan ce wannan lalaci ne, ko ƙarancin bangaskiya. Ban yarda da su ba. Ku duba annabi Iliya.

Ku lura da lokacin da abin ya same shi. Bai daɗe da fuskantar annabawan Ba'al 450 shi kaɗai a bisa dutsen Karmel ba, wuta ta sauko, ruwan sama ya zo bayan fari mai tsanani. Watakila ya zaci ƙasar duka za ta juyo. Ashe Ahab yana nan sarki, Yezebel tana nan da ikonta, har ta aiko masa da saƙon kisa. Abin da ya karya shi ke nan: ya ba da dukan ƙarfinsa, ya waiwaya, ya ga kome yana nan yadda ya ke. Ya gudu har Biyer-sheba, tafiyar kusan mil 100. A can ya yi wani abu da masu karatu su kan tsallake: ya bar baransa, ya shiga jeji shi kaɗai. Wanda zuciyarsa ta karai haka ya kan yi. Ya daina zuwa dandali, ya daina zama bayan an tashi sujada, ya ce ba ya son magana. Iliya ya zauna gindin wani itace, ya roƙi mutuwa.

To, ga yadda Ubangiji ya bi da shi, kuma jerin abubuwan yana da muhimmanci.

Bai fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya sake kwantawa, aka sake tashe shi ya ci. Sau biyu. Ya 'yan'uwa, mutumin da ya yi wata uku yana kwana da kunne ɗaya a buɗe, yana sauraron ƙarar babura da dare, ba shi ne zai yanke shawarar sayar da gona ba. Mace da ke da zazzaɓin cizon sauro a jikinta tana ganin sana'arta ba ta da amfani, ta je asibiti tukuna. Ba kunya ba ne Kirista ya gaya wa likita cewa barci ya ƙaurace masa kuma ba ya jin daɗin kome. Wannan ma ciwo ne, ana kuwa maganinsa.

Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb aka tambaye shi abin da ya kawo shi wurin. An yi masa tambayar sau biyu, ya ba da amsa iri ɗaya sau biyu: ya yi himma, an ƙi ji, shi kaɗai ya rage. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa gajiya ce ta lissafa masa, gama Ubangiji ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ko Obadiya, wanda ya ɓoye annabawa 100 a kogo ya ciyar da su, Iliya ya sadu da shi ido da ido a sura 18, amma ya manta. Domin wannan ina ba da shawara, wanda ya ke jin aikinsa ya tsaya ya faɗi damuwarsa da baki a gaban wani dattijo mai riƙon asiri. Abin da ke cikin ciki kamar dutse, in ya fito ya kan rabu kashi kashi. Wani zai tarar aikin yana sonsa, albashin ne ba ya kai wata. Wani zai tarar ya iya aikin har ya ƙure, ba sauran abin koyo. Wani kuma hanya ce aka tare masa. Waɗannan uku maganinsu ba ɗaya ba ne.

Yanzu ga wurin da na fi so mu daɗe. Ubangiji bai ce wa Iliya ya zauna a kogo har himma ta dawo masa ba. Ya aike shi yana cikin gajiyarsa, ya ba shi aiki mai suna: Hazayel, Yehu, Elisha. Mu kuwa mu kan juya abin. Mu kan ce, in zuciyata ta dawo zan tashi. Ba haka ta ke dawowa ba, a kan hanya ta kan tarad da mutum. Manomin da ya rasa gandunsa, kada ya zauna yana auna gayauna da gandu. Ya tambayi kansa abin da gayauna za ta iya: albasa ko tumatir da rani in akwai fadama kusa, ko tumaki biyu a turke domin kasuwar Sheme. Malamin da ya shekara goma a mataki ɗaya ya je ofis ya tambayi takardar da ta rage masa, ya rubuta sunanta da ranar da za a buɗe karɓa. Tela da ya gaji da riga da wando ya je wurin wanda ya fi shi ya koyi aiki ɗaya sabo. Kowannensu ƙaramin abu ne, amma yana da suna, yana da rana.

Ku lura kuma, cikin ayyuka ukun nan, ɗaya kaɗai Iliya ya yi da hannunsa. Maganar Hazayel da ta Yehu ta hannun Elisha aka cika su, kamar yadda mu ke karantawa a II Sarakuna 8 da 9. Ashe ba duka aka ɗora masa ba.

Irin wannan ya faru ga Rowland Bingham. Ya sauka Ikko a 1893 tare da Walter Gowans da Thomas Kent, suna nufin ƙasar Hausa. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake komar da shi. Shekara bakwai ba tasha ko ɗaya. Bai bar nufinsa ba, amma ya sake wurin tsayawarsa: ya zama mai tara ma'aikata da aika su daga Kanada, aka buɗe tashar Patigi a 1902. Da ya nace sai shi da ƙafarsa, watakila da kabari na uku aka haƙa.

To, ko ya kamata mutum ya bar aikinsa ɗungum? Wani lokaci i. Elisha yana huɗa da shanu bi-biyu har goma sha biyu, ya yanka nasa biyun, ya dafa naman da itacen karkiya, ya bi Iliya. Amma shi ya san inda za shi da wanda zai bi. Samarinmu da yawa kuwa sun san abin da su ke gudu ne kaɗai. Wani ya sayar da sa ya sayi babur ya tafi Ikko acaba, alhali tun 2022 an hana acaba a manyan unguwanni na birnin. Wani ya tsallaka Zamfara haƙar zinariya, inda gubar dalma ta kashe yara ɗaruruwa a 2010. Ba a zubar da ruwan tulu domin an ga hadari. Wanda zai tafi ya fara sanin wanda zai sauke shi, da aikin da zai kama, da abin da iyalinsa za su ci kafin ya aiko.

Abu na ƙarshe da aka ba Iliya mutum ne. Ya bar bara a Biyer-sheba, aka ba shi magaji a gona. Mai sana'ar da ya gaji da sana'arsa, sau da yawa yaro ne maganinsa, gama sa'anda ka ke nuna wa wani yadda a ke riƙe almakashi, sai ka tuna ashe ka iya wani abu. Wannan kuwa aikin dattawan ekklesiya ne. A kowace majami'a tamu akwai kafinta ko tela ko makanike da ke zaune shiru, akwai kuma yaran da iyayensu suka yi gudun hijira daga ƙauye, ba gona ba makaranta. Dattawa su zauna bayan sujadar Lahadi mai zuwa, su rubuta sunayen waɗannan a gefe ɗaya, na waɗancan a gefe ɗaya, su je gidan kowane mai sana'a su biyu biyu su roƙe shi ya karɓi yaro guda.